Neman Ilmi a Birnin Landan

Tun kafin Turawa su san hanyar ƙasarmu, al'adar malaman ƙasar Hausa ce idan ɗalibi ya ƙure abin da ke hannun malaman garinsu, sai ya naɗe buzunsa, ya rataya gafakarsa, ya nemi albarkar iyaye, ya nufi duk inda ya ji labarin wani masani, ko Katsina, ko Birnin Gazargamu a ƙasar Barno, ko Agadas inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru, ko kuwa Masar da Haramaini ga wanda Allah ya hore wa guzuri da ƙarfin jiki. Da zamani ya juya, ilmin boko ya kafu, sai hanyar ta yi wani reshe da ya haye teku ya nufi Ingila. A 1945 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan, Malam Aminu Kano ya bi sawunsa a 1946, tun daga nan kuwa ƙafa ba ta ɗauke ba. Ni ma Allah ya ƙaddara mini bin wannan hanya domin karatun digiri na uku a fannin tarihi, a Makarantar Nazarin Ƙasashen Gabas da Afirka, wadda aka fi sani da SOAS. To, na ga ya kamata in rubuta wa 'yan'uwa abin da na gani, domin masu komowa gida sun cika ba da labarin dogayen gine-gine da jiragen ƙarƙashin ƙasa, su bar ainihin abin da ke gwada mutum, watau zama a ƙasar da ba mai tambayarka inda ka wuni, ba kuma mai ce maka ga abin da za ka karanta gobe.

Wahalar tafiyar takan fara tun mutum yana gida. Sai ka rubuta bayanin abin da kake nufin bincikawa ka aika, wani malami a can ya karanta ya yarda zai duba aikinka. Sau da yawa sai ka zauna jarrabawar Ingilishi, ko da kuwa da Ingilishin ka yi karatu tun daga firamare. Sai asibitin da suka amince da shi ya ba ka shaidar cewa ba ka da tarin fuka. In ba wata hukuma ce ta ɗauki nauyinka ba, sai ka nuna cewa kuɗin makaranta da na zama sun kwana 28 a banki ba su ragu ba. Sa'an nan ka biya kuɗin kiwon lafiya da aka ɗora wa baƙi tun 2015, kafin a ba ka biza. Wanda ya dace yakan sami tallafin Commonwealth, ko na Chevening ga masu digiri na biyu, ko kuma, kafin 2025, na TETFund in malamin babbar makaranta ne; wanda bai dace ba kuwa, gona ce ko fili za a sayar, dangi su haɗa abin da ya sawwaƙa. Ranar tashi, jakata ta sha kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, ban da kilishi, domin dokar ƙasar ta hana shiga da nama daga ƙasashenmu, kuma waɗanda suka riga ni zuwa sun gargaɗe ni tun da wuri.

Daga Abuja zuwa Landan tafiyar awa 6 ce da 'yan kai. Na sauka a filin jirgin sama na Heathrow cikin watan Satumba, lokacin da ake buɗe shekarar karatu, na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly, wanda ba ya bukatar a sake wani har tashar Russell Square, gab da makarantar. Wannan jirgi nasu shi ne irinsa na farko a duniya, tun 1863 aka buɗe layin farko, amma abin da ya ɗauki hankalina ran nan shi ne mutanen ciki: tarago cike maƙil, kafaɗa tana gugar kafaɗa, ga shi ba sallama, ba gaisuwa, kowa ya dasa ido a kan jarida ko waya. Baƙo, in ji Hausawa, ko da ido makaho ne. Sai da zama ya yi zama na fahimci cewa wannan shirun ladabi ne irin nasu, domin a wurinsu kutsa kai cikin sha'anin wanda ba ka sani ba shi ne rashin kunya, kuma mutumin nan da ya ƙi kallonka, in ka tambaye shi hanya, zai tsaya ya kwatanta maka har ka gane.

Unguwar da makarantar take sunanta Bloomsbury, unguwa ce ta malamai da ɗalibai da masu sayar da littattafai. Gidan Tarihi na Birtaniya yana nan kusa, babban Ɗakin Karatu na Birtaniya kuma tafiyar ƙafa ce 'yar kaɗan ta wajen arewa. An kafa makarantar a 1916, kuma babbar manufarta a lokacin ita ce koya wa jami'an da za a tura mulkin ƙasashen da Ingila ta mallaka harsuna da al'adun mutanen da za su mulka. Hausa tana cikin harsunan da aka daɗe ana karantarwa a wurin. Bargery, mai babban ƙamusun nan na Hausa da aka buga a 1934, ya koyar a nan, kuma wanda ya hau benen ɗakin karatunta zai tarar da littattafan Hausa na Zariya da na Kano jere a kan kanta, waɗansunsu ma sai an sha wuya kafin a same su a gida. Abin mamaki, makarantar da aka gina don hidimar mulkin mallaka, yau jikokin waɗanda aka mulka ne suka cika ta, daga Hindu da Masar da Kenya da Nijeriya, kuma ba inda na ji ana yi wa mulkin mallaka bincike mai tsanani irin na azuzuwanta.

Kafin a kai ga karatu, sai an warware mas'alar makwanci, ita ce kuwa take cinye mafi yawan guzurin ɗalibi. An kasa birnin gida-gida bisa taswirar jirgi, daga yanki na 1 a tsakiya zuwa waje, iyakar nisanka da tsakiya iyakar sauƙin haya, amma abin da ka rage a haya sai ka mayar da shi a kuɗin jirgi da lokacin tafiya. Galibinmu ɗaki guda muke kamawa a gidan da ake tarayya a kicin da banɗaki da mutanen da ba a taɓa sani ba, kowa da kantarsa a cikin firiji, kowa da ranar da zai fitar da shara. Doka ta yarje wa ɗalibi baƙo ya yi aikin awa 20 a mako lokacin karatu, saboda haka za ka ga mutumin da a gida babban malami ne, wanda ɗalibai ke rige-rigen karɓar jakarsa, ya kwana yana jera gwangwanaye a kanti, ko gadin wani gini, ko kula da tsofaffi, gari ya waye ya wanke fuska ya nufi ɗakin karatu. Ba wanda ke ganin wannan abin kunya ne a can, kuma lalle na ga ya rage wa da yawa daga cikinmu girman kai. Da darajar naira ta faɗi warwas bayan watan Yuni na 2023, waɗanda suka dogara da kuɗin gida sun ga tashin hankali, domin abin da aka tara da nufin ya kai shekara sai ya ƙare a tsakiyar hanya, makaranta kuwa fam take karɓa, ranar biya kuma ba ta matsawa.

Tsarin karatun ya kasu biyu. Mai digiri na biyu wata 12 gare shi cur, yana shiga aji, yana rubuta maƙaloli, ya ƙare da ƙaramin kundi. Maki 50 shi ne ci, wanda ya sami 70 kuwa ya kai matuƙa, abin da kan girgiza ɗalibin da ya saba kwasar 80 da 90 a gida. Mai digiri na uku shi ba ruwansa da yawan shiga aji, sai 'yan darussan hanyoyin bincike a shekarar farko. A ƙarshenta wani kwamiti ya karanta abin da ya rubuta ya yi masa tambayoyi kafin a tabbatar da shi. Shekara ta biyu ya fita tattara bayanai. Ta uku ya zauna rubutu, kundin kuma kada ya wuce kalma 100,000. Tsakanin waɗannan matakai ba ƙararrawa, ba kiran suna, ba mai leƙowa ya ga ko ka tashi. Malamin da ke duba aikinka za ka gan shi bayan 'yan makonni, na kamar awa guda, sauran kwanakin duka amana ce a hannunka, kuma na ga masu kaifin basira da wannan sakewar ta kayar, na ga masu matsakaiciyar fahimta da suka kai gaci saboda sun ɗaure wa kansu lokacin fita da na komowa.

Malamina dattijo ne mai sanyin magana, ofishinsa ɗan ƙarami, littattafai har rufi, da butar shayi a gefen taga wadda shi da kansa yake ɗorawa ya zuba wa ɗalibi. Al'adarsu ce ɗalibi ya kira shehin malami da sunansa na yanka, ya kuwa nemi in yi haka, harshena ya ƙi. Da yake yana jin Hausa, sai muka daidaita a kan Malam. Bincikena ya shafi haraji da jangali a ƙasar Kano a farkon zamanin Turawa. Da na kai masa babin farko, wanda na cika da maganganun manyan marubuta, ya mayar mini da shi gefen kowane shafi ya sha fensir, ya tura mini kofin shayi, ya ce, "Na ga abin da wane ya ce, na ga abin da wane ya ce, ni ma duk na karanta su. Abin da nake nema ban gani ba shi ne abin da kai ka ce." Na ce, "Malam, ina ni ina ja da waɗannan manya?" Ya yi murmushi ya ce, "In ba za ka ja da su ba, me ya kawo ka? Ba su ji Hausa kamar yadda kake ji ba, ba su zauna da dattawan da za ka zauna da su ba. Ja da su, amma ka zo da hujja." A wannan zama kuma ya sa na rage faɗin abin da na ɗauko, daga lardi guda zuwa 'yan gundumomi, domin bincike kamar haƙar rijiya yake, wanda ya tona nan ya tona can ba zai tad da ruwa ba.

Wanda ya tashi a zaure, inda ladabin ɗalibi shi ne ya durƙusa ya biya matani, malam ya fassara ya yi sharhi, a bi littafi daga bango zuwa bango har a kai ga ijaza, zai ji nauyin wannan umarni ƙwarai, har ya zaci raina magabata ake koya masa. Amma da na yi ta tunani a kai, sai na ga taƙalidi tsantsa bai taɓa zama iyakar ilmin magabatanmu ba. Malaman hadisi ba su karɓar riwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, sun auna adalcin kowane mai ruwaya da ƙarfin haddarsa. Kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, sai da ya kawo wasiƙun Shehu Laminu na Barno, waɗanda ke tuhumar jihadin Shehu Usmanu, sa'an nan ya mayar da jawabi, domin mai karatu ya ga hujjar ɓangarorin biyu. Wannan shi ne abin da ake nema a wurin ɗalibi a Landan: kowace magana ka faɗi inda ka samo ta, da littafi da shafi, ko lambar fayil, ko ranar da ka zauna da wanda ya gaya maka, ka kawo maganar mai saɓa maka a bisa mafi ƙarfin fuskarta kafin ka warware ta. Ɗaukar maganar wani ba tare da jingina ta gare shi ba laifi ne da kan kai ga kora, har akwai manhajar kwamfuta mai suna Turnitin da ake zuba rubutun ɗalibai a ciki domin ta tono inda aka kwafa.

Haka kuma zaman muhawara da ake yi kowane mako, inda malami ko ɗalibi zai karanta abin da ya rubuta, sauran su yi masa ca. Na ga yarinyar da ba ta fi shekarun 'yar wani shehin malami ba ta ce masa dalilinsa bai tsaya ba, shi kuwa ya ciro alƙalami ya rubuta abin da ta faɗa, ya yi mata godiya. In an tashi, sai a ɗunguma zuwa mashaya, a can ne kuwa ake ƙarasa bahasin, a can ake sanin juna, a can ake jin labarin taro da guraben aiki. Wannan yakan sa Musulmi cikin tsaka mai wuya. Waɗansu sukan bi su zauna da lemo, waɗansu sukan ƙaurace gaba ɗaya, ni kuwa na zaɓi in riƙa gayyatar wanda nake son magana da shi shan shayi da rana, kuma ban ga wanda ya ƙi ko ya ji haushi ba.

Mafi yawan kwanakina a ɗakunan karatu suka ƙare. Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda ke kusa da tashar St Pancras, doka ta ba shi kofin kowane littafi da aka buga a ƙasar. Ba a shiga da biro ko abinci, sai fensir da takarda a cikin jakar leda mai nuna abin da ke ciki. Amma wurin da ya fi zauna mini a rai shi ne Gidan Adana Takardun Gwamnati da ke Kew, a yammacin birnin. Za ka nemi fayil ta kwamfuta, bayan ɗan lokaci a ajiye maka shi a wani akwati mai lambar kujerarka, ka ɗauko, ka kwance igiyar da aka ɗaure shi da ita, ka jingina shi a kan matashin soso domin kada bayansa ya karye. A nan na karanta wasiƙun da suka gudana tsakanin Gwamna Lugga da Ofishin Mulkin Mallaka game da yaƙin Kano da Sakkwato na 1903, ga rahoton da aka buga da tafireta, ga kuma ra'ayoyin ma'aikatan ofishin da tawada, wannan ya rubuta nasa ya sa hannu, na sama da shi ya ƙara nasa a ƙasa. Jikin mutum yakan yi sanyi in ya ga yadda aka yanke al'amarin garinsu a kan tebur, a hannun mutanen da ba su taɓa ganin ganuwarsa ba. Sai dai takardun nan, duk da kyawun adana su, idon Razdan da Di'o kaɗai suke nuna maka. Talakan da ya biya harajin ba ya fitowa a ciki sai a matsayin adadi. Domin haka tilas mai bincike ya koma Kaduna, ga Gidan Adana Takardu na Ƙasa da Gidan Arewa, ya nemi takardun ajami a hannun zuriyar alƙalai da hakimai, ya durƙusa gaban tsofaffi, sa'an nan ya gwama riwayoyin ya ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Ba abin da ya kai sauyin rana da dare rikita baƙo daga ƙasarmu. A ƙarshen Oktoba sukan mayar da agogo baya da awa guda, daga nan duhu ya fara cin rana, har a ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, ta faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. Azahar da La'asar da Magariba duk su taru cikin kamar awa 4, wanda bai lura ba sai ya ɗaga kai daga littafi ya tarar salla biyu sun wuce shi. Ka fita cikin duhu, ka komo cikin duhu, ga yayyafi marar ƙarewa, ga sanyin da ke ratsa ƙashi, har likitoci suna shawartar masu baƙar fata su riƙa shan ƙwayar bitamin D saboda ƙarancin hasken rana. Da bazararsu kuwa al'amarin yakan juye, yini ya wuce awa 16, rana ta kai bayan ƙarfe 9 na dare ba ta faɗi ba, kuma akwai makonni a tsakiyar shekara da shafaƙi ba ya ɓacewa sarai har alfijir ya keto. Wannan ya sa malamai suka yi saɓani game da lokacin Isha'i da na Asuba: waɗansu suka ce a ƙaddara da kwana mafi kusa da aka ga alamar a cikinsa, waɗansu suka ce a kasa dare kashi 7 a ɗauki kashi guda, waɗansu suka yi rangwamen haɗa Magariba da Isha'i, saboda haka masallatai biyu a unguwa ɗaya sai ka ga jadawalinsu ya bambanta. Waɗanda azumin 2016 ya riska a can sun kame baki fiye da awa 18 a yini. Mas'alar da muke wucewa da gudu a littattafan fiƙihu, a can ita ce abin da za ka warware kafin ka kwanta.

Masallatai kuwa akwai su, alhamdu lillahi, alƙibla tana kudu maso gabas. Akwai ɗakin salla a makaranta, akwai babban masallacin Regent's Park mai ƙubba ruwan zinariya, wanda aka gama a 1977, da na Whitechapel a gabashin birnin, inda mutanen Bangaladesh suka fi yawa. A sahu guda za ka ga Bahanafe da Bashafi'e da Bamalike, kowa da yadda yake ajiye hannunsa, ba mai kallon wani. Wata Jumma'a, ina neman takalmina a bakin ƙofa, wani dattijo ya dubi hulata ya ce, "Samari, daga ina?" Na ce, "Daga Kano, Baba." Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce shi mutumin zangon Kumasi ne, kakansa fatauci ya kai shi Gwanja, ya tambaye ni iyali da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ranar Asabar tuwo a gidana, kada ka sa in neme ka." Ta hanyarsa na san jama'ar Hausawan birnin, na Nijeriya da na Nijar da na Ghana da na Sudan, waɗanda kan taru ran Salla da ran suna. Cefane kuwa sai a gangara Peckham, kudu da kogin Thames, inda Yarabawa suka yi yawa, a samo doya da manja da attarugu, a tuƙa tuwon garin shinkafa ko na samolina, a kaɗa kukar da aka zo da ita daga gida ana tattalinta. Ranar Salla ba hutu ba ce a ƙasar, mutum yakan sauko daga Idi da babbar rigarsa ya zarce ɗakin karatu.

Duk da wannan, kaɗaici shi ne babban harajin da ɗalibi ke biya. Tun daga Janairun 2024 an hana masu digiri na biyu na shiga aji zuwa da iyali, masu bincike kuwa, ko da doka ta yarje musu, aljihu ba kasafai yake yarda ba. Sai ka ga 'ya'yanka suna girma ta allon waya, a yi haihuwa a yi suna ba ka nan, a yi rasuwa ka karɓi gaisuwa ta WhatsApp kai kaɗai a ɗaki, ba wanda zai shigo ya zauna tare da kai a tabarma. Akwai waɗanda damuwa ta kwantar, barci ya ƙaurace musu, rubutu ya tsaya cik. Jami'o'in suna da ma'aikatan da aka ajiye domin sauraron irin wannan, amma mutanenmu sukan ji nauyin zuwa, suna ganin gazawa ce, alhali neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Abin da ya fi taimakona shi ne abokan karatu, wani daga Sin, wata daga Turkiyya, wani daga Habasha, dukkanmu baƙi, muna musayar babi muna gyara wa juna. Tambayoyinsu game da ƙasata, irin waɗanda ɗan gida ba zai taɓa yi ba domin yana ganin amsar a fili take, sun buɗe mini ƙofofin bincike da yawa.

Ƙarshen al'amari shi ne jarrabawar baka. Malamai biyu ne za su karanta kundin, aƙalla ɗayansu daga wata jami'a, a rufe ƙofa, su bi shi shafi-shafi na tsawon awoyi, su tambaye ka dalilin da ya sa ka gaskata wannan riwaya ka bar waccan, da abin da ka ƙara a kan wanda aka riga aka sani. Ba hadda ake nema ba a nan, ba kuma wanda zai cece ka, malaminka ko da ya halarta ba ya cewa uffan. Kaɗan ne ke fita ba gyara. Mafi yawa akan ba su 'yan watanni su daidaita abin da aka nuna musu, waɗansu kuwa a mayar da su su sake aiki mai yawa. Wanda ya tsallake, ranar ce zai gane hikimar barinsa da aka yi shi kaɗai shekara da shekaru, domin kowane shafi da aka ja shi a kai, ya san inda ya samo shi da dalilin da ya sa ya tsaya a kansa.

Daga nan sai shawarar zama ko komawa, tun da yake daga 2021 an buɗe wa waɗanda suka gama ƙofar tsayawa su yi aiki na wani lokaci, kuma ban ga laifin wanda larura ta tsayar ba. Amma wanda ya koma, musamman wanda da dukiyar jama'a aka tura shi, ya sani cewa takardar shaida ita ce mafi ƙanƙantar abin da ake binsa. Ba zai iya ɗauko Kew ya kai Kaduna ba, ba zai iya hana wutar lantarki ɗaukewa a ɗakin karatu ba; abin da ke hannunsa shi ne ya karɓi babin ɗalibinsa ya karanta shi da fensir, ya mayar masa a ranar da ya yi alkawari, ya tambaye shi inda ya samo kowace magana, in kuma ɗalibin ya zo da hujjar da ta fi tasa, ya karɓa a gaban jama'a ba tare da ya riƙe shi a zuci ba. Wannan ba ya bukatar fam ko biza, kuma da kowane wanda ya dawo zai yi wa ɗalibai goma haka, da bukatar haye teku ta ragu ga na baya. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu sauke amanar da muka ɗauko.